Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Wasan Yarinta Yake Gina Gwanintar Ƙasa a Zari-Ruga

Duk lokacin da aka nuna zari-ruga a gidan kallo a nan Jos, ko aka ga yara suna jefa wa juna ƙwallo mai siffar ƙwai a filin makaranta, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke tasowa. Iyaye suna yi, malaman wasanni na firamare da sakandare suna yi, samarin da suka taso da tamaula su ma suna yi. Ga su nan na tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, na nuna lambarta.

1. Malam, wai shi zari-rugan nan yaya ake yinsa?

Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da 'yan wasa 15, ana yin minti 80 da hutu a tsakiya. Ɗan wasa yana rungumar ƙwallo ya ruga da ita, abokan hamayya kuma suna da damar kama shi su kayar. Babbar dokarsa ita ce ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Mai son ƙwallo ta ci gaba, ko dai ya gudu da ita, ko ya buga ta da ƙafa. Dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki 5 ne, bugun da ke biyo baya ta tsakanin sanduna maki 2, bugun laifi maki 3. Mutum 8 su ne 'yan gaba, masu nauyi, waɗanda suke haɗa kafaɗu su yi turereniya. Sauran 7 su ne 'yan baya, masu gudu da sarrafa ƙwallo.

Akwai kuma na mutum bakwai-bakwai, minti 7 kowane zagaye, wanda aka shigar gasar Olamfik tun 2016. Asalin wasan Ingila ne, daga makarantar garin Rugby, inda labari ya ce wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya ɗauki ƙwallo ya ruga da ita a 1823. Kada a haɗa shi da na Amurka mai hular kwano da sulken kafaɗa, wannan wasa ne daban.

2. Me ya sa ƙananan ƙasashe suke gagarar manya a wannan wasa?

An fara Gasar Kofin Duniya a 1987, zuwa 2023 an yi ta sau 10, kuma ƙasashe 4 ne kacal suka taɓa ɗauka. Afirka ta Kudu ta ci a 1995, 2007, 2019 da 2023. Niyu Zilan ta ci a 1987, 2011 da 2015. Ostireliya ta ci a 1991 da 1999, Ingila kuma a 2003. Mutanen Niyu Zilan kaf miliyan 5 ne da ɗoriya. Fiji, wadda ta ci zinaren Olamfik sau 2, ba ta kai miliyan 1 ba, jihar Filato ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Ita kuwa Amurka, duk yawanta da kuɗinta, ba ta taɓa wuce zagayen rukuni ba. Sin da Indiya ba su taɓa zuwa gasar ba, Najeriya ma haka.

Saboda haka yawan jama'a ba shi ne ma'auni ba. Abin ƙirgawa shi ne yara nawa suka girma ƙwallon nan tana hannunsu, awa nawa suka yi da ita kafin su kai shekara 12, kuma ko akwai makaranta ko kulob da zai karɓe su bayan nan. Amsoshi na 5, 6 da 7 sun nuna hanyoyi uku mabambanta da ƙasashe suka bi.

3. To ba jini ba ne? Ai mutanen can ƙatti ne.

Jiki yana da ranarsa, musamman a 'yan gaba, inda mai kilo 110 ko 120 ba abin mamaki ba ne. Amma ƙatti suna ko'ina. A kasuwar Farin Gada kaɗai, cikin masu dakon kwandunan tumatir da buhunan kabeji, akwai masu ƙirar da kowane koci zai yi sha'awa. Abin da ƙarfi ba ya bayarwa shi ne cafe ƙwallo kana cikin gudu, jefa ta dama da hagu daidai wa daida, hango kafa tsakanin mutum biyu kafin ta buɗe, da sanin yadda za ka faɗi ba ka ji ciwo ba.

Cheslin Kolbe na Afirka ta Kudu tsawonsa bai wuce mita 1.7 da kaɗan ba, amma shi ya yanke kyaftin ɗin Ingila ya dire ƙwallo a wasan ƙarshe na 2019. Antoine Dupont na Faransa, gwarzon duniya na 2021, shi ma ba dogo ba ne, ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a kudu maso yammacin ƙasarsu, yankin da kusan kowane gari yake da kulob ɗin yara. A 2015 Japan ta doke Afirka ta Kudu da maki 34 da 32, alhali kowa ya san wa ya fi wani girman jiki. Wanda har yanzu yake ganin jini ne, ya duba amsa ta 10.

4. Me yaro yake koya a wasan unguwa wanda koci ba zai iya koya masa ba?

Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin amsar nan, domin a gabanmu take faruwa kullum, a tamaula. Je ka tsaya a wani lungu na Gangare ko Rikkos bayan la'asar. Duwatsu biyu ne gola, ƙwallon ta sha ɗinki har ta gaji, wurin ga ƙunci, ga kwata a gefe, ga mai Keke yana neman hanya. Ɗan shekara 8 yana wasa cikin yayyensa 'yan 13. In ya riƙe ƙwallo ya daɗe za a bangaje shi ya sha ƙasa, don haka ya koyi waiwayawa tun kafin ta iso, ya koyi yaudarar mutum da kafaɗa, ya koyi buga wa bango ta dawo masa. Babu wanda ya ce masa yi kaza. Daga irin waɗannan lunguna garin nan ya fitar da Mikel Obi, Ahmed Musa, Ogenyi Onazi da Moses Simon, kuma irinsu ne a faɗin ƙasa suka sa Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau 5, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015.

Koci yana iya koya wa yaro doka, da tsayuwa, da yadda ake kayar da mutum lafiya. Abin da yake masa wuya shi ne saurin yanke shawara. Misali, ku biyu ne kuna fuskantar mai tsaro ɗaya. In ka saki ƙwallo da wuri, mai tsaron zai bar ka ya bi abokinka. In ka makara, ya kama ka da ita. Tsakanin biyun nan bai fi ƙiftawar ido ba, kuma ba a gane shi sai an yi kuskurensa sau ɗaruruwa a inda kuskure ba ya jawo faɗa. Koci yana ganin yaro sau biyu a mako, unguwa kuwa kullum tana tare da shi.

Abin da lungunan Jos suke yi wa ƙafar yaro, shi ne ƙauyukan Fiji da gonakin Niyu Zilan suke yi wa hannunsa.

5. Yaya Fiji, ƙasar da ba ta da kuɗi, ta zama gagarabadau a na mutum bakwai?

A ƙauyukansu da yamma, in an taso daga aiki, yara da samari suna haɗuwa a fili ko bakin teku su yi wasan taɓawa, wato ba kayarwa, in an taɓa ka kawai sai ka saki ƙwallo. In babu ƙwallo, gorar roba ko silifa ko kwakwa ta wadatar. Wanda ya saba cafe abin da ba shi da siffar kirki, ranar da aka ba shi ƙwallo ta gaske sai ta zame masa wasa. Daga nan salonsu ya fito: mutum yana faɗuwa, maza biyu sun riƙe shi, amma ya miƙa ƙwallo da hannu ɗaya ta bayan mai tsaro, kuma ɗan'uwansa yana wurin tun kafin a miƙa. Jerry Tuwai, wanda ya taso a unguwar talakawa a Suva, babban birnin ƙasar, yana wasa da gorar roba, yana cikin waɗanda suka ci zinare a Riyo a 2016, inda suka lallasa Birtaniya 43 da 7, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar. Ya sake ci a Tokiyo a 2021. A Faris a 2024 azurfa suka samu, Faransa ta doke su.

Sai dai wasan ƙauye yana da iyakarsa. Turereniya da jifan gefe (jefo ƙwallo cikin fili bayan ta fita ta gefe) a na mutum 15 suna bukatar koci, atisaye mai tsari, abinci da kuɗi. Shi ya sa Fiji ta kai zagayen kwata fainal a Kofin Duniya a 1987, 2007 da 2023 amma ba ta wuce nan ba, kuma gwanayenta da yawa suna ƙarewa a kulob-kulob na Faransa da Ingila, wasu har su sa rigar wata ƙasa.

6. Ita kuma Niyu Zilan mene ne sirrinta?

Ta haɗa wasan gida da tsari. Yaro yana shiga kulob ɗin garinsu tun yana ɗan shekara 5, ana wasa safiyar Asabar, sau da yawa ba takalmi. Ƙananan suna farawa da wanda suke kira Rippa: kowa ya ɗaura ɗamara mai ƙyalle biyu a ƙugu, fizge ƙyallen shi ne a madadin kayarwa. A sakandare kuwa, babbar ƙungiyar makaranta abin alfaharin gari ce, har ana nuna wasanninsu a talabijin. 'Yan gidan Barrett uku, Beauden, Scott da Jordie, sun taso a gonar shanu a yankin Taranaki suna wasa a bayan gida, kuma duk ukun sun sa baƙar rigar ƙasa tare.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne a wasu yankuna ana raba yara da nauyi, ba da shekaru kaɗai ba. Amfanin ta fuska biyu ne. Ƙaramin yaro ba ya gudun wasan don tsoron a take shi. Shi kuma ƙaton yaro, da yake an haɗa shi da masu nauyinsa, ba zai iya bi ta kan kowa ya wuce ba, dole ya koyi jefawa da kaucewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan gabansu suke sarrafa ƙwallo tamkar 'yan baya. Malamin da ke da aji mai ɗauke da ɗan shekara 10 da ɗan 14 a benci ɗaya, kamar yadda muke da su a makarantun gwamnati, ya kamata ya riƙe wannan darasi.

7. Afirka ta Kudu fa? An ce makarantu ne ƙashin bayanta.

Haka ne. Makarantu irin su Grey College a Bloemfontein da Paul Roos a Stellenbosch sun fitar da 'yan wasan ƙasa masu yawan gaske, kuma wasa tsakanin manyan makarantu yana tara dubban 'yan kallo. Tun 1964 suke da gasar Craven Week, inda zaratan ɗalibai na larduna suke haɗuwa duk shekara, masu farautar 'yan wasa suna zaune suna kallo. A firamare su ma yawanci ba takalmi ake yi. Salonsu na ƙarfi, turereniya da bugun ƙafa, daga makarantun nan ake dasa shi.

Amma tsarin yana da tabo. Zamanin wariyar launin fata, filaye masu kyau da kocina da rigar ƙasa kusan duk na farar fata ne, duk da cewa baƙaƙe a lardin Gabashin Kef sun fi shekara 100 suna wasan. Ko bayan 1995, lokacin da Mandela ya sa rigar ƙungiyar ya miƙa wa kyaftin ɗinta, Francois Pienaar, kofi, ƙofar ba ta buɗe gaba ɗaya ba. Siya Kolisi, wanda aka haifa a 1991 a unguwar Zwide, yana wasa a filin ƙura da yunwa a cikinsa, sai da aka hango shi yana ɗan shekara 12 aka ba shi gurbin karatu a makarantar masu hali. Ya zama baƙar fata na farko da ya yi kyaftin a 2018, ya ɗaga kofi a 2019 da 2023. Makazole Mapimpi kuwa daga ƙauye ya fito, bai bi ta manyan makarantun ba, kuma shi ya fara dire wa ƙasarsa ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Duk wanda ya ji labarin mutum biyun nan dole ya tambayi kansa irinsu nawa ne ba a hango ba. In za mu kwaikwayi ƙasar nan, mu ɗauki gasar makarantu, mu bar mayar da wasan na 'ya'yan masu kuɗi.

8. Yaron da yake wasu wasanni, za su taimake shi ko za su raba masa hankali?

Taimakonsa za su yi. A Ailan yara da yawa suna tasowa da ƙwallon gargajiyarsu ta Gelik, inda ake tsalle a cafe ƙwallo sama da kai, kuma Rob Kearney, wanda ya yi suna wajen cafe ƙwallon sama, ya buga ta tun yana yaro. A Ostireliya Israel Folau ya buga wasanni uku daban-daban a matakin ƙwararru. Jojiya ƙasar 'yan kokawa ce, kuma suna da wani tsohon wasa, lelo, inda mutanen gari suke rabuwa biyu su yi ta turereniya a kan ƙwallo mai nauyin gaske. Ba mamaki kulob-kulob na Faransa suke zuwa can neman 'yan sahun gaba na turereniya.

Tamaula tana ba da bugun ƙafa da karanta fili. Ƙwallon kwando da ƙwallon hannu, waɗanda Filato ta daɗe da su, suna ba da hannu. Ba na goyon bayan a killace yaro a wasa ɗaya kafin ya kai shekara 14 ko 15.

9. Wasanninmu na gargajiya, langa da kokawa da sauransu, suna da wata alaƙa da shi?

Sosai ma, kuma langa ce kan gaba. Duba yadda ake yinta: kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, akwai ruwa wanda ake so ya kai wurin sha, akwai dawakai masu tare masa, abokan hamayya kuma suna neman su ture shi. Yaron langa ya san yadda zai sha bangaza bai faɗi ba, ya san amfani da kafaɗa da hannu ɗaya, ya san ya yi jinkiri har dawakansa su buɗe masa hanya sannan ya kutsa. Mafi muhimmanci, ya san cewa wani yana shan wuya don wani ya kai. Ruhin zari-ruga ke nan, mutum 8 suna turereniya don ɗaya siriri ya samu kafar gudu.

Kokawa tana koyar da runtse ƙugu, shiga ƙasan mutum, kama cinya, da faɗuwa ba tare da an dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba. Kayarwa a zari-ruga kusan haka take: kai a gefe, kafaɗa a cinya, hannu biyu a zagaye, ƙafafu suna turawa. Dambe yana ba da zuciya, amma naushi laifi ne babba a nan, ana korar mutum daga fili a kansa. Carafke ta 'yan mata kuwa horon ido da yatsu ce, 'yar gala-gala kuma ta daidaita tsayuwa.

Abin da duk wasannin nan ba su ba yaranmu ba shi ne jefa abu ga wanda ke bayanka alhali kana gudu gaba. A tamaula hannu laifi ne ga kowa in ba gola ba, saboda haka yaron Jos yana iya kai shekara 15 bai taɓa cafe abu yana cikin gudu ba. Ranar farko za ka ga ya rufe ido in ƙwallo ta taho, ko ya tare ta da ƙirji, ko ƙafarsa ta riga hannunsa. Giɓinmu ke nan, kuma shi ne mafi arhar cikewa, kamar yadda amsa ta 14 ta nuna. Abin baƙin ciki, langar ma tana ja da baya a cikin gari, yara da yawa sai a talabijin suke ganinta.

10. Me ya sa 'yan asalin Najeriya suke haskawa a Ingila, mu a gida shiru?

Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, an haife shi a Landan a 1994, ya fara wasan a sakandare yana ɗan shekara 11 ko kusa da haka, a 2025 ya zama kyaftin ɗin Ingila. Kafin shi akwai Victor Ubogu, haifaffen Legas, wanda ya buga wa Ingila a shekarun 1990. Jinin ɗaya ne da namu. Abin da suka samu shi ne makaranta mai fili mai ciyawa, malami da ya san wasan, da gasa duk mako.

A gida muna da hukumar zari-ruga ta ƙasa, da ƙungiyar ƙasa mai suna Black Stallions, da kulob-kulob irin su Barewa a Kano da Cowrie a Legas. Matsalar ita ce yawancin 'yan wasanmu suna haɗuwa da ƙwallon ne bayan sun girma, wasu bayan tamaula ta ƙi su. Kenya ta nuna abin da zai yiwu: makarantun sakandarenta sun riƙe wasan shekara da shekaru, a 2016 ƙungiyarta ta mutum bakwai ta doke Fiji 30 da 7 ta ɗauki kofin Singafo. A Madagaska wasan na talakawan birni ne, filin wasa yana cika maƙil. Zimbabuwe ta samu gurbin Kofin Duniya na 2027 da za a yi a Ostireliya. Jos tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: tudu mai tsawon kusan mita 1,200, sanyin da yaro zai yi gudu da rana bai galabaita ba, da al'adar tsere da aka san yankin Pankshin da ita.

11. Koci, ɗana shekararsa 15, ya makara ke nan?

Bai makara ba, Alhaji, amma ya danganta da gurbin da zai tsaya. Masu rarraba ƙwallo da tsara wasa, wato lamba 9 da lamba 10, kusan dukkansu tun suna ƙanana suka fara, domin aikinsu shi ne saurin shawarar da aka yi bayani a amsa ta 4. 'Yan gaba da masu gudun gefe suna iya farawa a makare su kai. Carlin Isles na Amurka ɗan tsere ne, ya shigo wasan yana da shekara 20 da 'yan kai, ya je Olamfik. In yaronka ya yi tamaula ko kokawa ko ƙwallon kwando, ba daga sifili zai fara ba. A sa shi ya yawaita wasan taɓawa, ya riƙa jefa ƙwallo ta ɓangaren hannunsa mai rauni kullum. Ga ƙanensa kuwa, shekara 6 ko 7 ta isa a fara na fizgar ƙyalle.

12. Hajiya ta ce wasan karya ƙashi ne. Gaskiya ne?

Tsoronta yana kan hanya. Wasan haɗa jiki ne, ana samun targaɗe, gocewar kafaɗa, karaya, kuma mafi hatsari shi ne bugun kai. Shi ya sa ƙasashen da suka san wasan ba sa fara wa yara da kayarwa. A Ingila 'yan shekara 7 da 8 na ƙyalle suke yi, sai a rukunin 'yan ƙasa da 9 ake fara koya musu kayarwa, turereniya kuma tana zuwa daga baya a hankali. A 2023 hukumar wasan ta duniya ta ba da shawarar a sauko da wurin kama mutum zuwa ƙasa da ƙashin ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba.

In yaro ya bugu a kai ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, ko yana ciwon kai, a fitar da shi nan take, kada ya koma a ranar ko da ya rantse ya warke, a kai shi asibiti. A Birtaniya ƙa'idar ita ce ba ya komawa gasa kafin kwana 21. Al'adarmu ta "tashi mana, kai ba namiji ba ne?" ba ta da wuri a nan. Sannan filayenmu na Jos yawanci marmara ce da tsakuwa, da hunturu kuma ƙasar tana ƙara tauri. Kada a yi kayarwa a irin wannan fili sam. A bari sai damina ta fito da ciyawa, ko a samu wuri mai yashi, kuma kowane yaro ya sa robar kare haƙori.

13. 'Ya'ya mata za su iya yi?

Suna yi a duniya. Kofin Duniya na mata ya fara a 1991, Niyu Zilan ta ɗauka sau 6, Ingila ta ci na 2025 a gaban 'yan kallo fiye da 80,000. Matan Fiji sun ci tagulla a Tokiyo, na Kenya sun je Olamfik. A wurinmu na fizgar ƙyalle ya dace ƙwarai: ba kama jiki, ana yinsa da dogon wando da riga mai hannu da ƙaramin hijabi da aka soke cikin riga, 'yan mata su kaɗai da malama mace. Sau da yawa sun fi maza saurin iya cafewa, dalilin yana amsa ta 9.

14. Ni malamin firamare ne, ba mu da kuɗi ba mu da ciyawa. Ta ina zan fara?

Ka fara da fili mai taku 30 a tsaye, 20 a kwance, a tsince duwatsu da kwalabe. Ka je wurin tela ka roƙi ragowar ƙyallaye, a yanka su tsawon kamu biyu, kowane yaro ya soke biyu a ƙugu, dama da hagu. Mutum biyar-biyar sun isa, domin in sun yi yawa wasu za su tashi ba su taɓa ƙwallo ba. In babu ƙwallon zari-ruga, ta tamaula da aka rage wa iska ta yi, ko gorar roba da aka naɗe da tsumma. Makonnin farko ka bar su su jefa ta ko'ina, burin kawai su daina tsoron ƙwallo a hannu. Bayan nan ka shigo da dokar jefawa baya. Za su rikice, za su taru wuri ɗaya, wasu za su riƙa gudu baya don su karɓa. Ka rage busa usur, ka bar su su gano cewa mai son ƙwallo sai ya bi bayan mai ɗauke da ita. Ka raba su da girman jiki kamar yadda aka faɗa a amsa ta 6, kuma ka ware minti 5 na langa kafin a fara.

Kada ka kulle ƙwallon a ofishin hedimasta. Ka damƙa wa monita, su yi wasa da ita lokacin tara, in da hali su je da ita unguwa ranar Juma'a su dawo da ita Litinin. Za ta yage, wata ma za ta ɓata, amma awowin da za su yi da ita ba ka nan sun fi naka yawa. Hukumar wasan ta duniya tana da shirin koyar da yara mai suna Get Into Rugby, kuma ta hannun hukumar ƙasa ko ma'aikatar wasanni ta jiha ake neman horon malamai da ƙwallaye.

Daga nan ka nemi malami ɗaya ko biyu a makarantun kusa ku shirya 'yar gasa a ƙarshen zango, ko ku roƙa a sa wasan cikin gasar gidaje ta makaranta. In da hali ku gayyato makarantar da ke wata unguwa, wadda yaranku ba su saba shiga ba, domin garin nan ya san zafin rabuwar unguwanni, kuma wasan yana da al'adar a gaisa a zauna tare bayan an tashi. Ku rubuta sunayen 'yan aji 6 da suka nuna hannu, ku miƙa wa malamin wasanni na sakandaren da za su shiga, don kada abin ya tsaya ranar da suka bar firamare.